Shekarar da Aka Kai Na'urar Ruwa Gidan Rahila

Talatu da Bitrus, akwai maganar da na daɗe ina so in gyara muku, kuma tunda baki ya gaza bari in gwada da biro. Ku biyun kun yanke wa Baba Ayuba, yayan babanku, hukunci. Kun ce shi ya hana a sare mangwaron bayan gida, shi ya sa na'urar auna yanayi ta tsallake ni ta sauka a gidan Rahila. Bitrus, kai har ka daina kai masa gaisuwar Kirsimeti da ƙafarka, sai dai ka aika. Duk sanda na ce ba haka aka yi ba, sai ku ce Mama tana rufa wa dangin miji asiri. Ni ɗin da kuka sani? To ku zauna ku karanta, kuma kada wanda ya kira ni a waya sai ya kai ƙarshe.

Ruwan sama dai ni na fara auna shi a garin nan, ko wanda ba ya ƙaunata ba zai musa ba. Ina koyar da labarin ƙasa a sakandare babanku Iliya ya sa mai walda ya haɗa mini ƙafa ta ƙarfe, ya kafa ta a bayan gida, na ɗora ma'aunina a kai. Ba wani abin a zo a gani ba ne, mazurari ne a sama da kwalba mai zane a ciki. Kowace safiya kafin in ɗora ruwan kunu sai na je na duba, na rubuta, na zubar. A wannan shekarar ce babanku ya dasa ɗan mangwaro a gefe, bai ko kai gwiwata ba. Da farko dariya aka riƙa yi mini, wai Malama tana awon ruwan Allah kamar mai awon masara a kasuwa. Amma da shekaru suka ja, masu dariyar ne suka fara sallama a ƙofata idan damina ta gabato, suna tambaya ko a sa citta a ƙasa ko a dakata. Suka sa mini suna Malama Mai Ruwa. Na riƙe muƙamai a makaranta, an ba ni takardar yabo ranar da na yi ritaya, amma ba abin da ya taɓa yi mini daɗi kamar wannan sunan. Da babanku ya rasu muka binne shi a gida kamar yadda muke yi, a gindin mangwaronsa, don nan ya nuna da bakinsa.

Bayan ritayata ne mutanen jami'a suka zo Kafanchan suna neman duk mai tsohon awon ruwa. Shugabansu wani Dokta Aminu ne, siriri, mai ladabi, wanda ba ya ɗaga murya ko ana gardama. Ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce na'urorin da ke sararin sama suna ganin hadari, amma ba su san abin da ya sauka a Godogodo ya ƙi sauka a Zonkwa ba. Sai mutanen ƙasa da yawa sun auna sun aika, su kuma masana su haɗa da nasu lissafin, sannan hasashe zai dawo mana da amfani. Ina jin haka na ce aikina ya zo. Na hau mashin da wannan gwiwar tawa na zagaya har Fadan Kaje. Na samo malamai, na samo manoma, na samo wani dillalin citta a kasuwar Kafanchan, na samo Arɗo guda da ke aiko da nasa awon daga ruga. Aka raba mana ma'aunai na roba, aka buɗe mana zaure a waya inda kowa ke jefa lambarsa da safe. A cikin waɗanda na samo har da Rahila.

Kun san ta da Anti Rahila, amma ba ku san ta yadda na san ta ba. Tun kwalejin horon malamai muke tare, gadonta kusa da nawa, ita ce babbar ƙawata ranar aurena. Rahila irin mutanen nan ce da za ku shiga ɗaki tare amma ita za a fara gaisarwa. Ni in kwana biyu ina shirya magana, ita ta buɗe baki ta yi dariya kawai a ce ta iya zama da mutane. Ɗinki da girki ta koyar, ita ke ba da waƙa a zumuntar mata, kuma tsakaninta da lissafi sai kallo daga nesa. Ranar da na kai mata ma'auni cewa ta yi,

"Hannatu, ni fa lamba ba ya shiga kaina. Ki bar ni da waƙa na, kin ji ko?"

Ban bar ta ba. Na ce ƙetaren rafi inda take ba mu da kowa, dole sai ita. Makon farko lambobinta suka riƙa zuwa kamar an ɓalle teku a gidanta. Da na je dubawa sai na tarar ta kafa ma'aunin a ƙarƙashin bakin kwano, inda ake tarar ruwa da bokiti.

"Ai na ga a tsakiyan fili ba ya cika da sauri," in ji ta.

Ni na cire shi na mayar tsakiyar filin da take shanya citta. Ni na koya mata ta durƙusa ta daidaita idonta da bakin ruwan kafin ta karanta. Ku riƙe wannan, don yanzu ba mai tunawa.

Sai labari ya zo cewa an samo na'ura guda ɗaya tak ta yankinmu, mai auna ruwa da iska da zafi da kanta, tana aika wa masana ba dare ba rana. Dole a kafa ta a cikin gida mai shinge inda mutum ke kwana, saboda masu ɗauke sola. Kuma gidan da aka kafa ta, shi ne tashar gari, mai gidan ne zai riƙa isar da hasashe ga jama'a. Ba wanda ya ma tsaya tambayar inda za a kai ta. Na sa aka gyara shinge, na share bayan gida, na soya gyaɗa. Dokta Aminu ya zo, ya gaishe ni har ƙasa, ya ɗan tsaya gefen kabarin babanku. Daga nan ya je wurin ma'aunina ya ɗaga kai sama. Ya daɗe kansa yana sama. Ni ma na ɗaga, kuma a ranar na fara ganin mangwaron da idon baƙo. Ya zama ƙato, rassansa sun miƙe har sun kusa inuwantar da bakin mazurarin.

"Mama, tun yaushe itacen nan yake nan?"

"Tare suka fara da ma'aunin," na ce.

"To akwai magana, ki yi haƙuri da ni. Na'ura tana son fili, nesa da itace kamar tsawonsa biyu ko fiye. Nan kuwa ga ɗaki, ga dutse, ga shi a tsakiya." Ya nuna rassan. "Kuma raguwar ruwan nan da muka gani a awonki shekara bayan shekara, wadda ta fi ta maƙwabta, ina jin wani ɓangarenta girman itacen ne. Yana tare ruwan da iska ta koro ta wannan gefen."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Shekaru ina tsayawa a gaban mutane ina cewa ruwan garin nan yana ƙarewa fiye da na ko'ina, ashe wani kason mangwaron mijina ne yake girma a kaina. Dokta ya ce canjin yanayi gaskiya ne, ban yi ƙarya ba, damina ta rikice kowa ya gani, lambata ce kawai ta zarce. Ban ji sauran ba. Tambaya ɗaya na yi, idan ba itacen fa? Ya ce idan babu shi, ba gidan da ya kai nawa cancanta. Na ce idan yana nan fa? Ya ce to sai filin shanyar Mama Rahila.

Kabari ba na matar mamaci ba ne ita kaɗai, na dangi ne, haka itacen da ke kansa. Don haka na shirya na tafi wurin Baba Ayuba da hujjojina a jere, na ɗaura ɗamarar rigima. Na same shi yana feƙe ƙotar fartanya. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba.

"Matan mu," ya ce, "itace itace ne. Iliya ya tafi wurin Ubangiji, ba ya cikin mangwaro. In abin nan zai taimaki mutane da noma, a sare. Ni da kaina zan kawo mai inji."

Kun ji abin da mutumin da kuke fushi da shi ya faɗa. Kuma ya cika alkawari, ranar Asabar sai ga shi da mai injin yanka katako da mutanensa. Rahila ma ta zo da kunu a jarka wai na ma'aikata, ta samu kujera ta zauna. Mai injin ya zagaya itacen, ya dube shi ta nan, ya dube shi ta can, ya buga jikinsa da tafin hannu.

"Mama, wannan itace ya kwanta ta gefen kabarin Baba. Ko mun fara da reshe, babban jikin dole nan zai sauka. Amma ba wahala, muna da dabara. Za mu jera tsohon taya a kan siminti, ba zai fashe ba. Haka muke yi ko'ina."

Na ce to. Da bakina na ce to. Aka je wurin mai faci aka gangaro da tsofaffin tayoyi, baƙaƙe, wasu da ruwan datti a ciki, aka fara jera su a kan babanku. Layi ɗaya, aka ɗora na biyu. Wata tayar babbar mota ta zauna daidai kan sunansa ta rufe shi. Sai ɗaya daga cikin ma'aikatan ya hau kai da takalminsa ya yi tsalle don ya gwada ko sun yi laushi. Ba da mugunta ya yi ba, aikinsa ne. Mai inji ya ja igiya, injin ya yi tari ya mutu. Ya sake ja ya kama, ƙara ta cika gidan, hayaƙi ya tashi. Ina tsaye ina kallon tayoyin nan, sai na tuna mutumin da ke ƙarƙashinsu ba ya barin ko ɓawon rake a tsakar gidansa. Ban san lokacin da na isa gaban mai injin ba.

"Kashe."

"Mama?"

"Na ce ka kashe abin nan. Ku kwashe mini tayoyin nan daga kan mijina."

Baba Ayuba ya cire hularsa ya ajiye, ya kama tayar farko da kansa ya gangarar, da tsufansa. Da aka gama ya ɗauki tsintsiya ya share simintin. Rahila ta taso ta rungume ni tana hawaye, tana cewa, "Kin yi daidai, 'yar'uwa, kin yi daidai." Hawayen na gaske ne, na sani. Amma har yau idan na tuna sai wani gefen zuciyata ya tambaye ni, da wane baki za ta ce ban yi daidai ba, alhali filinta ne zai ci riba? Bayan haka mutanen unguwarmu suka fara guna-guni, wai na jawo an kai abin arziki ƙetaren rafi. Baba Ayuba ne ya riƙa ce musu dangi ne suka hana, don a sauke baki daga kaina. Ban sa shi ba. Daga nan kuka tsinci labarin da kuke riƙe da shi.

Aka kafa na'ura a gidan Rahila. Fara sol, da sola a gefe, da wasu 'yan kofuna a sama suna juyawa da iska. Fasto ya yi addu'a, mai unguwa ya yi jawabi, zumuntar mata suka zo da anko. An ambaci sunana sau ɗaya a cikin jerin waɗanda suka taimaka, tsakanin mai walda da wanda ya ba da aron kujeru. Na yi tafi tare da kowa, na yi dariyar yaƙe har kumatuna suka gaji. Da na dawo gida ko tuwo ban iya ci ba. Kishi ne, ba zan sa masa wani suna ba. A ce matar da ta tara ruwa a bakin kwano yau ita ake ɗauka hoto tana nuna wa baƙi yadda ake auna iska! Kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ta iya. Dokta zai turo bayani mai tsawo da lambobi, ni da zan karanta shi yadda yake har da darasi a kai, ita kuwa sai ta mayar da shi magana uku da tsohuwa mai tallan daddawa za ta riƙe. Ba a jima ba gidan rediyo suka fara kiranta da safe.

Daminar shekarar ce ta gama da ni. Ruwan farko ya sauka da wuri, mai ƙarfi, ƙasa ta jiƙe har ƙamshi. Gari ya ɗauka, kowa ya fara tono irin cittarsa daga inda ya binne. Kun san abin da irin citta yake ga mutanenmu, shi ne makarantar yara, shi ne asibiti, shi ne kwanon ɗaki. In ka sa shi a ƙasa ruwa ya ɗauke, zafi ya dafa shi, ka tashi a tutar babu. Ni kaina na sa an fasa nawa, an tanadi ganyen rufe shuka. Da wani ya tambaye ni a wannan makon, da na ce a shuka, don duk alamun da na sani sun cika. Amma ba wanda ya tambaye ni. Lambobinmu na ta tafiya daga Godogodo, daga Zonkwa, daga ruga, na'ura na aika nata, masana suka haɗa da abin da suke gani daga sama suka ce a dakata, ruwan zai yanke na ɗan lokaci. Ranar Lahadi bayan sujada Fasto ya ba Rahila makirfo.

"Jama'a, wannan ruwa gaisuwa ne kawai ya zo yi, bai zo zama ba. Ku mayar da citta inuwa. In ya dawo da kayansa zan faɗa maku."

Aka yi dariya, aka yi gunaguni, amma yawanci suka ji. Ni ma na mayar da nawa, ina tsaki ina mayarwa. Kuma ku ji abin da kishi ke sa mutum, a kwanakin nan na sha fita tsakar gida ina duban gabas, rabin zuciyata tana roƙon hadari ya haɗu don a ga ƙarshen iyayi, ɗaya rabin tana tuna cittata tana inuwa lafiya. Hadari bai haɗu ba. Rana ta buɗe kamar ba a taɓa ruwa ba, waɗanda suka yi gaggawa suka yi asara, sauran muka tsira. Da kaka ta yi aka shirya godiya a coci, mata suka taso da kwandunan citta a ka suna rawa, suka zagaye Rahila, wata ta yafa mata sabon zane. A cikin waƙar ne na ji sun kira ta Mama Mai Ruwa. Ina zaune a layi na biyu da jakata a cinya. Talatu, kin tambaye ni a ranar me ya samu idona, na ce miki hayaƙin girki ne.

Na so in cire ma'aunina in jefa a ɗakin ajiya, in fita daga zauren wayar, kowa ya huta. Dokta Aminu ne ya zo har gida ya hana. Ya ce awona shi ne mafi tsufa a duk yankin, kuma suna bukatarsa don su san yadda damina ta canja tun kafin a haifi wasunsu. Amma ba za su iya amfani da shi ba sai sun san yawan abin da itacen ke tarewa.

"Hanya ɗaya ce, Mama. Ki bar ma'aunin a inda yake, kada ki matsar da shi ko taku ɗaya. Ki ci gaba da aunawa, kullum a gwada naki da na na'ura. In aka yi haka damina da yawa, za mu iya gyara na baya duka."

"Wato kullum in kai wa Rahila lambata ta gwada da tata?"

"Ita ce ke haɗa na gari, Mama."

Na ce zan yi tunani. Ban yi wani tunani ba, washegari da safe ƙafata ta kai ni gindin mangwaro kamar yadda ta saba. Tun daga ranar haka muke. In an kwana da ruwa, in je in durƙusa kusa da babanku in karanta, in kira Rahila. Ta ɗauka da muryar nan tata mai daɗi, ta tambayi gwiwata, ta tambaye ku, sannan ta ce, "To 'yar'uwa, nawa kika samu?" In faɗa, ta faɗi nata. Kusan kullum nata ya fi nawa. Ba ta taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi, don da na samu abin riƙewa.

Saboda haka ku je ku gaishe da Baba Ayuba, ku biyun, da ƙafarku. Shi ya ba ni itacen in sare, ni na ce a kashe inji, kuma in aka dawo da tayoyin nan gobe abin da zan sake faɗa ke nan. Amma kada ku ɗauka don na zaɓa ya daina zafi. Na bar babanku da inuwarsa, na biya da sunana, kuma wadda ta karɓa ƙawata ce da ba ta ma roƙa ba. Kowace safiya rediyona tana kan tebur idan an zo hasashen yanayi. Da na ji mai gabatarwa ya fara cewa yanzu za mu leƙa wurin Mama, sai in rage murya har sunan ya wuce. Sannan in ƙara, don cittata tana ƙasa kuma ina bukatar in ji abin da za ta ce.